Masu Zaɓen Fata a Hanyar Ɗan Issa

Awaki biyu ne jajaye, uwa ɗaya ta haife su, a gida ɗaya suka girma, rana ɗaya aka yanka su. Fatunsu na isa gaban mai zaɓe sai ya jefa ɗaya dama, ya jefa ɗaya hagu, kuma tsakanin damar nan da hagun nan akwai kuɗin da zai sa mahauci ya koma gida da fara'a ko ya koma yana ƙunƙuni. Hukuncin bai ci minti guda ba. Ya ɗaga fatar ya kaɗa ta, ya juya cikinta waje, ya shafa ta da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ya ɗan tsinki gashi, ya kai ta hanci, ya miƙa ta sama haske ya ratsa. Wanda bai san kan abin ba zai ce son rai ne. Wanda ya sani kuwa ya san cewa a ɗan wannan lokaci mutumin ya karanta rayuwar akuyar, ya karanta hannun wanda ya feɗe ta, ya kuma ƙiyasta sa'o'in da fatar ta yi a yashe kafin a kula da ita.

Wannan sana'a tana cikin waɗanda ake cin moriyarsu ba a yaba musu. Baduku yana shan yabo domin ana ganin takalmi da jaka da gafaka. Majemi ma an san da zamansa, ko don warin majema. Amma mutumin da ke tsaye tsakanin wuƙar mahauci da kwatarniyar majemi, wanda ke faɗin abin da ɗanyar fata za ta zama bayan an jeme ta, ba shi da ko kirari. Ni kuwa ina ganin idonsa ne ke riƙe da cinikin gaba ɗaya.

Ɗan Issa, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi a Nijar, garin kan hanya ne. Kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa shi ta nufi iyaka, ta faɗa Jibiya, ta wuce Katsina, ta dire Kano, inda manyan kamfanonin jima suke a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Fata tana cikin kayan da suka daɗe suna bin wannan hanya. Kafin ta isa Kano ta bi ta hannuwa da yawa: mahauci ko mai yankan suna, yaron da ke zagaya ƙauyuka a babur yana tarawa, mai rumfa da buhun gishirinsa, sannan babban dila mai sito. A kowane hannu sai an sake zaɓe, kuma kowa da kuɗin aljihunsa yake biyan kuskuren idonsa.

Dalilin wannan tankaɗe da rairaya a ƙasar Maraɗi shi ne jar akuya. Madaidaiciya ce, gashinta gajere mai sheƙi, tana yawan haihuwar tagwaye, tana ba da nono, shi ya sa ta zama dukiyar mata a karkara. Gidanta ƙasar Maraɗi da Tasawa, a Najeriya kuma Sakkwato da kewayenta. Fatarta ce ta kai sunanta duniya. Ƙofofin gashinta ƙanana ne a jere a matse, zaren cikinta a cushe yake, kitse bai cika ta ba, ga laushi ga ƙwari, kuma tana shan rini bai ɗaya. Busasshiyarta ba ta cika kai rabin kilo ba, amma daga cikinta ake fitar da safar hannu da takalmin masu hali da bangon littafi. Ayarin raƙuma ya daɗe yana ƙetare Sahara da jemammiyarta zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka san ta da sunan Maroko. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta labarin takalma da fatun da birnin ke fitarwa. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 sai akalar ta juya zuwa teku. Bayan samun 'yancin kai, Nijar ta buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963 domin kare wannan iri, wani likitan dabbobi mai suna Robinet ya wallafa nazari a kanta a 1967, daga baya aka kafa kamfanin jima na Sonitan a garin. Har gobe masu ɗaurin littattafai na hannu a Ingila suna neman fatar akuyar nan da aka jeme da bagaruwa.

Fata mai daraja ita aibi ya fi yi wa illa. Fatar banza a ƙarshe fenti ake lafta mata, ya rufe komai. Ta jar akuya kuwa don fuskarta ake sayenta, a rina ta a bar ta a buɗe, saboda haka ko tabon da bai kai ƙwayar gero ba sai ya fito.

Ga inda wuyar aikin take. Fata ɓangare biyu gare ta, na gashi da na nama. Ɓangaren gashi shi ne zai zama fuskar takalmi bayan an tuje gashin, shi mai saye na ƙarshe yake biya wa kuɗi. To amma a lokacin ciniki wannan fuskar a rufe take, gashi ya lulluɓe ta. Mai zaɓe yana sayen abin da ba ya gani ne. Dole ya bi ta bayan gida: ya dubi ɓangaren nama, ya tambayi yatsunsa, ya tambayi hancinsa, ya tambayi haske.

Abin da ya fara nema shi ne abin da ya sami akuyar tana da rai. Akuyar da ta yi kiwon sake a dajin ƙaya tana ɗauke da zane-zane a haƙarƙari da kafaɗa. Wadda ta saba kutsawa ta ƙarƙashin waya ko shingen ƙaya, nata zanen dogo ne a gadon baya, wurin da ya fi ko'ina tsada. Karon ƙaho yana barin nasa. Kaska tana barin 'yan ramuka ƙanana, galibi a ciki da hammata da gindin wutsiya, shi ya sa ba a cika tsananta mata ba sai in ta yi yawa. Ƙazwa da ƙuraje sun fi muni. Akwai ƙurjin da ke zaune a cikin naman fatar, ba a ganinsa ta gashi ko kaɗan, amma in an ɗaga fatar ga haske ta ɓangaren nama sai ka ga ɗigo-ɗigo fari-fari, kuma kowane ɗigo rami ne nan gaba. Akuyar da ta yi agana ta warke, tabon yana nan. Lalas, wanda ya fi yawa a ƙirgin shanu, yana ƙone fata har ciki, ba jimar da ke ta da shi.

Gwani yana bambanta ciwon da ya warke da wanda bai warke ba. Tsohon tabo ya haɗe, fatar ba za ta yage a wurin ba, sai dai rini ba ya kama shi yadda yake kama sauran jiki, zai fito da ɗan haske ko ɗan duhu. Sabon ciwo kuwa buɗaɗɗe ne, zai ƙara buɗewa. Yana kuma jin shekaru da yunwa a hannunsa. Fatar tsohon bunsuru kauri gare ta, wuyanta ya yi ninki-ninki, fuskarta gautsi. Ta tsohuwar akuya mai haihuwa da yawa ta saki a ciki, ta yi sirara. Fatun ƙarshen bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare dabbobi suka rame, ba su kai na bayan kaka cika ba. Mushe ma ba ya ɓuya: jini bai fita ba, ya tsaya a jijiyoyi, sai ka ga baƙaƙen layuka a ɓangaren nama, gefen da dabbar ta kwanta a kai ya fi ɗaya gefen duhu.

Sai wuƙa. A nan ne mai zaɓe yake gane mahauci ko bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mahautanmu suna da dabara mai kyau da suka gada: a ɗan tsaga ƙafar baya, a hura iska, a bubbuga jikin har fata ta rabu da nama, sannan a bi ta da dunƙulen hannu ana turawa. Akuyar da aka feɗe haka cikinta sumul yake fitowa. Wuƙa aikinta tsaga layi ne kawai, daga maƙogwaro ta tsakiyar ciki zuwa wutsiya, da layukan ƙafafu, su kuma in sun karkace fatar ta fito shagiɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, wanda zai yanka ta nan gaba ya yi asara. Mai gaggawa, ko wanda hankalinsa ke kan nama kaɗai, shi ke bin fata da tsinin wuƙa.

Ɓarnar wuƙa ba iri ɗaya ba ce. Akwai huda, wadda kowa ke gani. Akwai inda wuƙa ta sharɓe naman fatar ta bar wurin ya yi sirara. Akwai kuma yankan da ya shiga rabi bai fasa ba, kuma shi ne mai zaɓe ya fi tsoro. Huda ta riga ta faɗi gaskiyarta, an rage kuɗinta an wuce. Yankan da bai fasa ba yana kwance shiru har ranar da injin kamfani zai ja fatar ya kankare ta, ko ranar da mai takalmi zai ɗame ta a kan ma'auni, sannan ya yage. Shi ya sa za ka ga gwani ya naɗe fata a kan yatsansa ya ɗan ja, yana kallon ko bakin yanka zai buɗe. Nama da kitsen da aka bari manne su ma aibi ne, domin gishiri ba ya ratsa su, iska ba ta busar da ƙarƙashinsu, daga nan ruɓa ke farawa.

Ruɓa ita ce babbar magana, kuma a nan nake ganin gwanintar ta kai maƙura. Daga lokacin da fata ta bar jikin dabba ta fara lalacewa, kuma a zafin ƙasarmu sa'o'i kaɗan sun isa. Fatar da aka dunƙule aka jefa gefe da jininta, ana jiran a gama rabon nama, ta fara tafiya tun ba a ji wari ba. Alamar farko a gashi take. Mai zaɓe ya kama 'yan gashi a hammata ko a ciki, inda fata ta fi sirara, ya ɗan ja. In sun riƙe, lafiya. In sun biyo hannunsa ba gardama, to ruɓa ta ci saiwarsu, kuma saiwar gashi a cikin fuskar nan mai tsada take zaune. Fatar tana iya zama ba huda, ba tabo, ga girma, ga kyan ja, amma ta riga ta sauka daga lamba ɗaya, ba mai mayar da ita.

Shanya ma tana da tarkonta. Mutumin ƙauye da kyakkyawar niyya zai shimfiɗa fata a ƙasa cikin rana tsaka, ya kafe gefunanta da tsinke, zuwa la'asar ta bushe ƙamas. A ido ba laifi. Amma abin da ya faru kamar ƙosan da aka jefa a man da ya yi zafi da yawa ne, baya ya soyu ciki ɗanye. Saman ya ƙandare ya kulle danshi a tsakiya, ƙasan da ke manne da turɓaya bai sami iska ba, zafin rana kuma ya dafa wasu wuraren. Sai ranar da majemi ya jiƙa ta sannan fuskar ta fara salewa, wani wurin ya narke ya zama rami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai zaɓe yana gane irin wannan tun da sauran nisa: taurinta daban, ƙarar da take yi in an kaɗa ta daban, ɓangaren naman yana wani sheƙi na ƙuna, ga turɓaya a gashi, ga ramukan tsinke a gefe. Tun zamanin Turawa ma'aikatan dabbobi suka dage a kan a riƙa shanya fata a rataye cikin rumfa, iska na bugun ta gaba da baya, kuma fatar kwata da aka shanya haka ta fi ta daji kuɗi a wurin kamfanonin saye. Busasshiyar fata kuma ba a karya ta da ƙarfi, domin fuskar tana tsagewa a kan ninkin. In ta daɗe a sito ƙwaro yana shiga ninkin ya yi ta ci, shi ya sa ake buga ta a ƙasa a ga ko gari zai zubo.

Yanzu gishiri ya karɓe yawancin cinikin, kuma ya fi shanya aminci in an yi shi daidai. Daidai ɗin shi ne a sa shi da wuri, fatar ta huce an wanke jini, a sa wajen sulusi zuwa rabin nauyinta, a bi da shi har bakin ƙafafu da wuya inda gefe ke naɗewa. Mai ƙwauron gishiri yana barbaɗa tsakiya ya bar gefe. Wani kuma ya tattara tsohon gishirin da ya sha jinin wasu fatun ya sake amfani da shi, sai ja-ja ya fito a ɓangaren nama, alamar ƙwayoyin cutar da gishiri ba ya kashewa. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne fatar da ta kwana ba gishiri, da safe aka lafta mata shi da yawa. Gishiri yana tsayar da ruɓa, ba ya mayar da abin da ta ci. Ido yana ganin fari tas, hanci ne da gashi ke tona asiri.

Duk wannan sanin aibi ne, kuma yaro mai hankali zai haddace shi. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne awo. Aibi ba ƙidaya shi ake yi ba, auna shi ake yi, kuma tambayar farko ita ce a ina yake. Huda uku a bakin ƙafa ba su kai huda ɗaya a tsakiyar baya ba, domin ƙafa da wuya da gefen ciki dama ragowa ne, tsakiyar kuwa daga nan ake fitar da manyan ƙyallaye. Jemammiyar fata da ƙafa ake auna faɗinta a sayar, saboda haka mai zaɓe yana kallon ɗanya yana lissafin fili nawa mai tsabta zai rage. Tabo biyar da suka taru wuri ɗaya sun fi biyar da suka warwatsu sauƙi, tunda na farko a kewaye su a wuce, na biyu kuwa sun raba fatar gunduwa-gunduwa. Tambaya ta biyu, zurfinsa nawa. Ƙarzanen da ya tsaya a sama ana iya goge shi a rufe da fenti, ko a juya fatar a yi amfani da bayanta mai laushi, ta sauka daraja amma ba ta mutu ba. Tambaya ta uku, me za a yi da ita. Abin da kamfanin da ke fitarwa Italiya zai ƙi, majemin gargajiya yana iya karɓa, ya tuje da kartaji, ya jeme da bagaruwa, ya rina da karan dafi, baduku ya yanka kube da laya da linzami, ƙananan abubuwan da ke bi ta tsakanin tabo. Daga waɗannan tambayoyi ne lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku ke fitowa, da tarin waɗanda aka ƙi. Kuma gwani yana da kasuwar kowane tari a kansa kafin ya jefa.

Ba a rasa gardama. Za ka ji saurayin mahauci yana cewa, "Haba Baba Alhaji, wannan fa da hannu na feɗe ta, wuƙa ba ta taɓa ta ba." Dattijon ba zai musa ba. "Na gani, ɗana, hannunka ba laifi. Amma zo ka ja gashin nan da kanka. Jiya aka yanka, yau ta ga gishiri." Saurayin ya ja, gashi ya biyo shi. Ya ce albarka sau ɗaya don kada a ce bai yi ciniki ba, sannan ya sallama. Abin da ke burge ni a nan shi ne hukuncin a buɗe yake. Mai zaɓe na ƙwarai ba ya cewa "haka na ga dama", yana ɗora yatsa a kan dalili. Kuma mahaucin da aka nuna wa sau biyu, na uku da gishirinsa zai zo wurin yanka. Ragin kuɗin nan shi ne makarantar da ta fi kowace gyara fiɗa a ƙauyukanmu.

Irin wannan ido yana da 'yan'uwa a wurare masu nisa. A Amurka akwai masu tara tsofaffin littattafan labari cikin zane, irin na Superman, kuma cinikinsu ya kai inda ba a yarda da bakin mai sayarwa. A shekarar 2000 wani kamfani mai suna CGC ya fara aikin duba su, mazauninsa Sarasota a jihar Fulorida. Ana aika masa littafi, masu dubawa su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, a rufe shi cikin roba mai tauri da takardar shaida. Abin da suke nema zai yi wa mai zaɓen fata kama da gida: kusurwar da ta dakushe, tsatsa a 'yan ƙarafan da suka riƙe tsakiya, takardar da ta yi rawaya ta fara gautsi, tabon ruwa, shafin da aka yanke wani abu a ciki. Su ma aunawa suke yi. Lanƙwasar da ba ta fasa launin bango ba ana iya danne ta da zafi ta kwanta, wadda ta fasa launi ta bar farin layi kuwa ta zauna ke nan. Aibi a bangon gaba ya fi aibi a shafin ciki nauyi. Kuma abin da suka fi sa wa ido shi ne gyaran da aka ɓoye, a ɗiga launi a kan tabo, ko a liƙe yagewa da gam. Littafin da ba a taɓa ba shuɗiyar shaida ake ba shi, wanda aka gyara kuma a ba shi ta shunayya, kuɗinsa ya faɗi ko da ya fi kyan gani. Fitowar farko ta ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai, Action Comics, wadda aka sayar santi 10 a 1938, wani kwafinta mai maki 8.5 ya kai dalar Amurka miliyan 6 a gwanjon kamfanin Heritage a 2024.

Kuɗin ba ɗaya ba, amma ta wata fuska nasu aikin ya fi sauƙi. Littafi ba gashi a kansa, kuma abin da ya zama ya riga ya zama, mai dubawa yana bayyana abin da ke gabansa ne a ɗaki mai sanyi da fitila da madubin ƙara girma. Fata kuwa tana kan hanya, ba ta gama zama abin da za ta zama ba. Mai zaɓenmu yana hasashe ne, a tsaye, cikin ƙuda da hayaniya, da mai kaya a gabansa yana rantsuwa. In mai duban littafi ya yi kuskure, sunan kamfani ne ya taɓu. In namu ya yi, jarinsa ne.

Babbar Sallah ita ce ranar jarrabawa. Cikin kwana biyu zuwa uku fatun layya suke tuɗaɗowa fiye da na makonni da yawa, yawancinsu na raguna, kuma da yawa ba mahauta ne suka feɗe su ba, masu gida ne da 'ya'yansu da wuƙar kicin. Ƙungiyoyin addini irin su Izala suna tara su kowace shekara domin ayyukansu, kuma abin da za su samu ya rataya ne a kan yadda masu layya suka yi fiɗa da saurin isar gishiri. A irin wannan rana mai zaɓe yana duba ɗaruruwa, hannunsa ya yi kanta da gishiri, kuma ta ƙarshe tana bukatar natsuwar da ya ba ta farko. Abin da ke damuna shi ne ɓangaren ƙirgi, inda kasuwar ganda ke janye kaya daga majema. Mai sayen ƙirgi don a ci ba ruwansa da yanka ko lalas, kuma inda ba a rage kuɗi saboda aibi, hannun mai fiɗa sakewa yake yi.

Ana koyar da kimiyyar fata a makaranta, cibiyar NILEST da ke Samarun Zariya aikinta ke nan, kuma ilimin yana da amfani. Amma yawancin masu zaɓen da ke rumfunan kan wannan hanya a gindin maigida suka koya. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya da barbaɗa gishiri da jera fatu nama na kallon nama. Shekaru yana ganin inda maigida ke jefa kowace, har wata rana a ce masa, "Kai, raba waɗannan in gani." Ya raba, maigida ya bi bayansa ya ɗauke biyu daga dama ya mayar hagu, ya nuna masa wurin da yatsa. Wanda ya yi sa'a ana tura shi rakiyar kaya Kano, ya tsaya ya ga an sake zaɓen abin da ya zaɓa, domin kamfani yana da nasa masu zaɓen a bakin ƙofa, kuma bayan an cire gashi an yi jimar farko ana sake rabawa, fuska a buɗe. A nan yake ganin ɗigon da ya raina ya zama rami, tabon da ya tsorata kuma ya ɓace. Da wannan yake komowa rumfa. Dilan da kayansa ke fita lamba ɗaya a Ɗan Issa su kuma fito lamba ɗaya a Challawa, shi kamfani ke ba kuɗi tun kafin Sallah ya je ya tara.